Matacin Shayin Mama Saraya

Jikata Jummai ta zo hutu da ƙawayenta biyu, dukansu masu karatun aikin lab, wato ɗakin gwaji na asibiti. Suka same ni a tsakar gida ina ɓare gyaɗa. Ɗaya ta ce, "Kaka, wai ke ma kin yi aiki a lab? Me kike yi a ciki?" Na ce wanke kwalabe da gilasai. Suka kwashe da dariya. Ta ce, "Ai wannan wanke-wanke ne, Kaka. Ko ƙanwata za ta iya."

Ni dama bakina yana da nauyi, kafin in haɗa magana mai sauraro ya kai bakin titi. Amma tun da ajin yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe biro, sai na ce bari in rubuta, don takarda ba ta katse mutum.

Sunana Rifkatu. Na shiga aikin ne bayan rikicin tamanin da bakwai, lokacin da ma'aikata da yawa suka bar Kafanchan. Wani ƙaramin asibitin mishan ne a bayan layin dogo, yanzu ma babu shi. Da shara na fara. Daga baya aka tura ni ɗakin gwaji, wurin Oga Ishaku, wani dogo siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Shi kaɗai ne a ɗakin, sai ni.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke 'yan gilasan da ake ɗiga jini a kai. Ku yanzu kuna amfani da su sau ɗaya ku jefar. Mu gilashi sai ya fashe yake barin aiki. A jiƙa, a dafa, a goge da garin sabulu, a ɗauraye har sai ruwa ya bi jikinsa sumul bai tsaya ko'ina ba, sannan a shanya a tsaye. Na wanke na kai masa ina jin daɗi. Ya ɗaga ɗaya wajen taga, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Rifkatu, zo ki ga. Wannan shatin yatsanki ne. Idan na ɗora jinin wani bawan Allah a kai, zan ce masa yana da tsutsa, alhali ke ce a cikinsa." Daga ranar na koyi riƙe gilashi ta gefe, kamar yadda ake riƙe hoton aure.

Kayan aikinmu ba yawa. Akwai madubin likita, wanda idan babu lantarki ake juya ɗan madubin da ke ƙasansa ya tari hasken rana. Akwai injin juya jini mai hannu, kamar na niƙa tattasai. Akwai risho, da tukunyar dafa allurai, da kwalaben rini ja da shuɗi. Rinin nan ya zauna a farcena shekaru, har a majami'a ana tambayata ko na koma rini ne.

Masu zuwa gwaji kuwa, sai haƙuri. Idan aka ce mutum ya kawo bayan gida, sai mu ba shi kwalin ashana, mu ce ɗan kaɗan. Wani dattijo daga wajen Kauru ya karɓi kwalin, ya dube shi, ya dube ni, ya ce raini ne. Washegari ya dawo da gwangwanin madara babba, cike, an rufe da ganyen ayaba. Ya ce tun da ya biya kuɗin mota, gara a duba shi sosai. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa kuma ya kawo fitsari cikin kwalbar giya, ya ce nasa ne da na madam da na yara, a duba gaba ɗaya a gaya masa ko gidan lafiya. Duk ni nake karɓa, da hannu biyu, in ce, "Sannu, Baba, mun gode."

Shekarar da ta fi wuya ita ce lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kaya suka daina zuwa. Safar hannu sai mu wanke mu shanya a igiya kamar kayan jarirai. Lantarki ya koma baƙo. Ranar da hadari ya rufe dutsen Kagoro, Oga sai ya rufe madubi ya ce yau cuta ma tana hutu. A cikin wannan shekarar, da damina, aka yi aikin da nake so in ba ku labari.

Akwai wata Asabe a majami'armu, tela ce, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Idan ta ɗaga murya, mu kuma muna buga tulu muna amsawa, har masu sayar da citta a bakin hanya suna tsayawa. Sai ciwo ya kama ta. Yatsu suka kumbura har almakashi ya gagare ta, gwiwoyi suna zafi, zazzaɓi yana zuwa yana komawa, gashin gaban kanta ya zube. Abin da ya fi jawo magana shi ne fuskarta. Wani tabo ya fito a kumatu biyu ya haɗe ta kan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka ya buɗe fiffike, wani wuri fari wani wuri baƙi.

Matan zumunta suka duba sau ɗaya suka yanke hukunci: man bilicin ne ya ƙone ta. Ana cikin haka Dakta, likitan asibitinmu, wanda ya gaji da ba ta maganin zazzaɓi ba sauƙi, ya ce ta daina shiga rana, ta riƙa yawo da laima. Shi ke nan. Aka ce ga shaida, tana ɓoye fatar da ta saya. Ta rantse, ba wanda ya saurara.

Shugabar zumuntarmu ita ce Mama Saraya, kuma ita ce shugabar kicin a asibitinmu. Mace ce mai jiki, mai murya, mai kirki idan ta ga dama, amma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarshen maganarsa a gabanta ba, har Fasto. Ta sa rana, ta ce ranar Alhamis manyan zumunta za su zauna, a karɓe waƙa daga hannun Asabe, a mayar da ita bencin baya na masu horo. Ga shi babban taron zumunta na gunduma ya kusa, kuma Asabe ce ta shirya waƙar da za mu kai.

Mama ba ta yin abu rabi. Sai da ta je kasuwa bincike, shagon Alhaji Sule mai kayan shafe-shafe, ni ina riƙe mata kwando. Ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, Asabe tela tana sayen man nan a wurinka?"

Alhaji ya ce, "Mama, Asabe ban da zare da maɓalli ba ta taɓa sayen komai a layin nan ba. Amma idan masu saye kike so in lissafa miki, to, ranar Lahadi ke kaɗai za ki buga tulu."

Mama ta ce Alhaji ya cika wasa, ta ja ni muka tafi. A hanya ta ce lalle a Kaduna Asabe take sayowa.

Ranar Talata Dakta ya aiko Asabe lab da wata takarda. Oga ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce rabonsa da wannan gwajin tun yana makaranta. Da yake shi mutum ne da ba ya sa ni aikin da ban san dalilinsa ba, sai ya zaunar da mu ni da Asabe.

Ya ce, "Jikin mutum da 'yan ɗakuna aka gina shi, ƙanana, ido ba ya gani. A tsakiyar kowane ɗaki akwai wani zare a naɗe, ana ce masa DNA. Shi yake ɗauke da tsarin mutum, tsawonsa, hancinsa, har wushiryar da ya gado. A cikin jini kuma akwai wani furotin, aikinsa kamar na ɗan banga ne. Idan baƙon cuta ya shigo, sai ya cafke shi ya riƙe, har fararen ƙwayoyin jini su zo su cinye shi. To, Dakta yana zargin ɗan bangan jikin Asabe ya rikice, ya koma yana cafke zarenta na gida. Duk inda ya cafke, sai a taru, faɗa ya tashi, wurin ya kumbura ya yi zafi. A gaɓoɓi, a fuska, wani lokaci har ƙoda."

Asabe ta ce, "Wato kamar ɗan bangan da ya sha burkutu ya kama mai gida a ƙofar gidansa."

Oga ya ce, "Yauwa, kin gama makaranta."

Matsalar ita ce zaren yana kulle cikin ɗaki. Kafin a gane ko ana cafke shi, sai an fasa wasu ɗakunan ya fito fili. Yadda ake yi, a bar jini ya daskare, a ajiye shi da ɗumi, sannan a murje gudan ta cikin rariyar waya mai ƙananan ido. Rariyar lab ɗinmu kuwa tsatsa ta cinye ta tun kafin zuwana. Oga ya aike ni kasuwa. Na zaga ko'ina, sai ta tankaɗen gari mai faɗi kamar faifai, sai kuma ta roba wadda ko kunu mai kauri yana yaga ta. Na dawo hannu wofi. Oga ya dube ni, na dube shi. Dukanmu mun san inda mataci ɗaya tak na waya yake a duk asibitin.

Matacin shayin Mama Saraya ne. Wata sista Baturiya ce ta bar mata shi da za ta koma ƙasarsu. Yana da ƙusarsa daban a bangon kicin, yana da ƙyallensa daban da ake goge shi. Ba ta ba da aronsa ko ga matar Fasto.

Ranar Laraba da safe na je kicin, na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Mama, Oga ne ya aiko ni, yana roƙon aron matacinki, za mu..."

"Ishaku ya fara shan shayi? Godiya ga Ubangiji! Ko ya yi ɗan nama a jiki, mutum kamar sandar rake da aka tsotse. Ɗauki."

"Mama, ai ba shayi..."

"Na sani, ba shi da sukari. Wa yake da sukari a ƙasar nan yanzu? Ungo, kai masa."

"Mama, ki bari in gaya miki abin da..."

"Rifkatu, kunun marasa lafiya yana ƙonewa. Kafin ki gama maganar nan an sallami rabin asibiti. Tafi!"

Na koma lab da mataci a hannu ɗaya, sukari a ƙunshe a ɗayan. Na gaya wa Oga yadda aka yi. Ya ce, "Kin gwada gaya mata?" Na ce na gwada. Ya ce, "To, Allah ya ga kin gwada." Ya zuba sukarin a baki.

Aka ɗebi jinin Asabe a kwalbar gwaji, ya daskare. Yanzu sai ɗumi, irin ɗumin jikin mutum daidai, kuma ba lantarki. Ku kuna da akwati mai maɓalli. Mu hammatata ce akwatin. Oga ya toshe bakin kwalbar, na sa ta a hammata, na matse, na zauna a benci kusa da Asabe. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Idan ka matse da ƙarfi ta fashe, idan ka sake ta faɗi, ba atishawa, ba dariya. Ƙuda ya sauka a hancina, sai Asabe ce ta kore mini shi da kumburarrun yatsunta. Dakta ya wuce ya miƙo mini hannu, na ba shi na hagu, ya tafi yana waige.

Wajen tsakar rana Oga ya karɓi kwalbar. Ya ɗora matacin a kan wani ɗan kwano, ya juye gudan jinin a ciki, ya kama murzawa da gindin wata kwalba, ni ina riƙe da mariƙin. Muna cikin haka aka turo ƙofa. Mama Saraya ce, da butar ruwan zafi da ganyen shayi a takarda, ta zo taya Ishaku murnar shiga sahun masu shan shayi.

Ihun da ta yi, masu jiran allura a baranda sai da suka miƙe.

"Yesu! Ishaku! Me nake gani? Rifkatu, ke da nake ɗauka mutuniyar kirki!"

Na ce, "Mama, ai na so in..."

"Rufe mini baki! Jinin wa ne wannan?"

Asabe ta ce daga benci, a hankali, "Nawa ne, Mama."

Mama ta juya. "Ke! Ɓata fuskarki bai ishe ki ba, sai kin ɓata mini mataci?"

Ta ajiye buta, ta ja kujera, ta ce ba inda za ta sai an ba ta kayanta. Oga bai ɗaga kai ba. Ya zuba abin da ya tace cikin 'yar kwalba, ya sa a injin juyawa, ya ce, "Mama, tun da kina nan, hannun Rifkatu ya mutu saboda matse kwalba. Idan kika juya mana wannan, za ki samu matacinki da wuri."

Ta kama hannun injin da fushi. Mace ce da ta yi shekaru tana tuƙa tuwon asibiti guda. Injin nan bai taɓa gudu irin na ranar ba, har teburin yana tafiya, ni da Oga muka danne shi. Tana juyawa tana faɗa, tana kiran sunan Baturiyar tana ba ta haƙuri. Da aka tsaya, jinin ya rabu tsaf, ja a ƙasa, ruwa a sama, wani siririn farin layi a tsakiya. Oga ya ce tun da yake bai taɓa ganin ya fito da kyau haka ba. Mama ta ce kada ya yi mata daɗin baki.

Farin layin nan ya tsotso, ya shimfiɗa a gilashi, ya zuba rini. Gilashin da na fi amincewa da wankinsa na zaɓa masa. Kafin ya bushe sai hadari ya taso, ɗakin ya yi duhu. Muka kinkimi madubi da tebur muka fita baranda, muna bin ɗan hasken da ya rage. Oga ya sa ido, yana matsar da gilashin kaɗan-kaɗan. Ya daɗe ƙwarai. Asabe tana addu'a ƙasa-ƙasa. Yayyafi ya fara, sai ta buɗe laimarta ta riƙe a kan madubin. Can Oga ya ce, "Rifkatu, kira Dakta."

Dakta ya zo ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ce wa Asabe su shiga ofis ya yi mata bayani. Ta ce, "Ranka ya daɗe, faɗa a nan. Mama ce za ta zauna a kaina gobe, gara ta ji."

Ya ce sunan ciwon lufus, kuma abin da Oga ya faɗa ne, jikinta ne yake kama zarensa. Mama ta ce ita ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Aka ba ta wuri a gaban madubin. Ta sunkuya, ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, ta ce ba komai sai duhu. Aka gyara mata. Can sai ta ce:

"Na ga wani abu kamar ƙato ya haɗiye malmalar tuwo gaba ɗaya, ta cika masa ciki, ta ture shi gefe."

Dakta ya ce, "Ƙaton farar ƙwayar jini ce. Malmalar kuma zaren Asabe ne, da furotin ya cafke, aka haɗiye shi kamar baƙo."

"Man shafawa yana kawo wannan?"

"A'a, Mama."

"Ko na Kaduna?"

"Ko na Legas."

"Laimar fa?"

"Ni na ce ta riƙe. Rana tana tayar da ciwon."

Mama ta miƙe, ta dubi Asabe, ta dubi yatsunta da suka kasa riƙe laimar sosai. Ni kuma na je na wanke matacin, na dafa shi, na goge, na kawo mata da hannu biyu yana ƙyalli. Oga ya ce, "Mama, an dafa shi, ba abin da ya rage a jiki." Ta ja baya. Ta ce ko mala'ika ne ya wanke shi, ita duk shayin da ta tace da shi malmalar nan za ta riƙa gani. Ta ɗauki butarta ta tafi. Jim kaɗan ta dawo da ƙusa da ƙyallen, ta buga ƙusar a bangon lab da kanta, ta ce mini, "Kada ki kuskura ki rataye shi da danshi."

Ranar Alhamis aka zauna. Mama ta ce, "Maganar Asabe ta mutu. Ciwo ne. Na gani da idona, kuma da hannuna na juya injin." Wata daga gefe ta ce amma dai fuskar nan, a bincika maganar mai. Mama ta ce, "Madalla. Duk mai son maganar mai ta tashi mu tafi shagon Alhaji Sule yanzu, ya ce yana da lissafi." Ba wadda ta motsa. Wasu suka shiga gyara ɗankwali. Aka rufe da addu'a.

Dakta ya sa Asabe a kan ƙwayoyi, har da maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani, wanda ashe yana kwantar da irin wannan ciwon. Bai warke ba, don ba ya warkewa. Yakan kwanta ya tashi. Amma yatsun sun saɓe, ta koma kan kekenta.

Ranar taron gunduma a fili aka yi, rana tsaka. Da aka kira mu, Asabe ta fito gaba cikin anko, muka jera da tuluna. Sai ga Mama Saraya ta ratso layi da wata ƙatuwar laima ta masu sayar da kaya a kasuwa, ta tsaya a bayanta ta buɗe. Duk inda Asabe ta taka, Mama tana biye, tana haki, tana harara ko akwai mai magana. Matan wasu majami'u suka ɗauka sabon salo ne. Shekarar da ta biyo, masu ba da waƙa da yawa da 'yan riƙon laimarsu suka zo.

Matacin ya yi mana aiki har na bar asibitin. Mama ba ta sayi wani ba, ta ce na roba cin mutunci ne. Haka ta ci gaba da shan shayinta da ganye yana yawo a kai, tana hurawa, tana kurɓa. Lokaci-lokaci takan leƙo lab ta shafa shi ta ji ko a bushe yake. Idan baƙo ya ga tana fama da ganye a haƙori ya ce, "Mama, ina matacin Baturiya?" sai ta tofar, ta goge baki da gefen zane, ta ce, "Ya samu aiki a lab."